Ƙofar Gidanka Taka Ce, Amma Fuskar Gari ta Kowa Ce

Ina so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, da kuma yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, a kan wani al'amari wanda da farko mutum zai ɗauka bai kai a ɓata masa tawada ba. Maganar kuwa ita ce ta ƙyaure da taga, watau ko ya kamata mutumin da ke zaune a tsohuwar unguwa ya nemi izinin hukuma kafin ya cire ƙyauren zaurensa ya sa na ƙarfe, ko ya fasa bango ya faɗaɗa taga. Na san akwai wanda zai ce, ana fama da tsadar abinci da kuɗin makaranta, ina ruwan wani da ƙyauren wani? To, a yi mini haƙuri a saurare ni, domin ni ma haka nake gani a da, sai da abin ya faru a gidanmu.

Ni mutumin ƙasar Kiru ne. A garinmu akwai zauren kakana, ginin tubali da jar ƙasa, mai rufin azara da daurin guga, da zankwaye huɗu a samansa. An ce kakansa ne ya gina shi, wani falke mai fataucin goro. Ƙyauren zauren faffaɗan katako ne guda uku, an ɗaure su da ƙarafa ƙirar maƙeran gari, yana juyawa a kan wani dutse mai rami. Idan aka buɗe shi da asuba, duk unguwa ta san Malam ya fito masallaci. Tagar zauren ɗaya ce tak, 'yar ƙarama, can sama kusa da rufi, inda ko dogon mutum ba ya iya leƙawa.

Shekara uku da suka wuce baffana ya dawo daga neman kuɗi a Kudu, Allah Ya buɗa masa, ya ce zai gyara gidan mahaifinsa. Ya kira mai walda ya auna ƙofa, ya kira birkila ya fasa bango don a sa babbar taga ta gilashi, aka kuma shafe fuskar zauren da siminti. Na zo hutu na tarar ana cikin aikin, sai na ce masa, "Baffa, wannan ƙyaure fa ya girmi kowa a gidan nan." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai dai ɗan boko ne. Ran da aka shigo aka kwance wa Inna awakinta, tarihin ne ya tare ɓarawon?" Na rasa abin da zan ce masa, na yi shiru.

Daminar farko ta wuce lafiya. A ta biyu sai simintin ya fara ɗagowa, domin siminti ba ya kama jar ƙasa, ruwa ya riƙa shiga ta bayansa ba ya samun hanyar fita. Tsaga ta taso daga kusurwar sabuwar taga ta nufi azara, yanzu haka da itace aka tokare wannan gefen. Da bazara kuwa ƙofar ƙarfen kan ɗauki zafi har ba a iya jingina da ita, rana kuma na shigowa ta gilashi, dattawan da suka saba zaman hantsi a zauren suka koma gindin darbejiya. Tsohon ƙyauren kuma wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo daga birni ya ɗauke shi a kan kuɗin da bai kai na buhun siminti biyu ba.

Ban kawo wannan labari don in ga laifin baffana ba. Da kyakkyawar niyya ya yi, da guminsa ya yi, kuma tsoron ɓarayin da ya ambata gaskiya ne. Abin da ya dame ni shi ne, tun daga ran da ya yi niyya har ran da aka gama, babu ko mutum ɗaya da al'ada ko doka ta ce ya tsaya ya tambaya. Da ya tambayi tsohon maginin garinmu, da ya gaya masa cewa bangon ƙasa kaurinsa ne ƙarfinsa, kuma ba a yi masa babbar ɓula a ƙarƙashin inda nauyin rufi ya sauka. Da ya gaya masa cewa ba don rowa ko jahilci magabata suka ƙanƙanta taga suka kai ta sama ba, sai don iska mai zafi ta fice ta can, ƙurar hunturu ta ragu, kuma mai wucewa a hanya kada ya ga cikin gidan mutane. Da ya gaya masa cewa maganin ruwa a jikin bangon ƙasa shi ne yaɓe a kan kari da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Wannan ilmi ne sosai, sai dai ba a rubuta shi a takardar jarrabawa ba.

Abin da ya sami zaurenmu shi ke samun ɗaruruwan zauruka a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina, da tsofaffin garuruwa irin su Bebeji. Ba a rushe unguwa rana ɗaya. Yau wannan ya canja ƙyaure, gobe wancan ya sare zankwaye ya ɗora kwano, jibi wani ya fasa zaure ya fitar da shago. Kowane ɗaya a cikinsu bai yi wani babban abu ba, amma bayan shekara ashirin sai yaro ya tashi a unguwar kakanninsa bai taɓa ganin ginin da ya bambanta ta da kowace sabuwar unguwa ta bayan gari ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A Ingila an yi doka a 1967 wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon keɓe unguwa sukutum a matsayin wurin da za a kiyaye kamanninsa, aka kuma fara da wani gari mai suna Stamford a wannan shekara. Hikimar dokar ita ce, ba gini ɗaya tilo ake karewa ba, a'a, yadda gidaje suka jeru suka ba titi fuska shi ake karewa. A irin waɗannan unguwanni hukuma na iya janye 'yancin da mai gida yake da shi na canja ƙofa da tagogin da ke kallon titi, sai ya rubuta ya nemi izini, ya nuna irin abin da zai sa, a ba shi amsa yawanci cikin mako takwas. Ba a hana shi gyara ba, an dai ce ya yi gyaran da ba zai ɓata wa maƙwabtansa da na baya abin da suka yi tarayya a kansa ba. Kada kuma a ce wannan sai Turawa. A tsibirin Zanzibar an kafa hukuma ta musamman don kula da tsohon gari, wanda ya yi suna saboda sassaƙaƙƙun ƙyamarensa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Nan kusa da mu, tsohon garin Agadas a Jamhuriyar Nijar, ginin ƙasa irin namu, ya sami wannan matsayi a 2013.

Mu ma ba za a ce ba mu da doka ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ta kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, ta kuma haramta rushewa ko canja duk ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa ba tare da izini ba. Ganuwar Kano da ƙofofinta suna cikin wannan jeri, haka Gidan Makama. Abin da zai ba 'yan yankinmu mamaki, tsohon masallacin Bebeji da ake kira Masallacin Haɓe shi ma yana ciki, alhali da yawa daga cikinmu mun wuce ta garin a mota ba mu taɓa jin haka ba. Sai kuma dokar tsara birane mai lamba 88 ta 1992, wadda ta yi tanadin a tattara sunayen gine-gine masu daraja ta fuskar tarihi ko fasaha, a kuma nemi izini kafin a taɓa su. A 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. Ke nan maganar ta dawo hannun majalisar jiharmu da ƙananan hukumominmu, ba sai mun jira Abuja ba.

Amma a nan ne gizo ke saƙa. Da wane ido hukuma za ta dubi talaka ta ce kada ya taɓa ƙyauren zaurensa, alhali ita ce kan gaba wajen taɓa ƙofofin gari? Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da rundunar Turawa ta taso daga Zariya a farkon 1903, sai da ta sa igwa ta fasa ƙofar Bebeji kafin ta wuce, ta kuma shiga Kano ta Ƙofar Kabuga ran 3 ga Fabrairu. Wannan ɓarnar yaƙi ce, ta baƙo ce. Amma a 2010 ba baƙo ne ya rushe Ƙofar Na'isa ba, mu ne da kanmu, don a faɗaɗa titi, daga baya aka maye gurbinta da ginin zamani. Ganuwar kuwa kowa ya ga yadda aka yi ta yankarta ana gina gidaje da shaguna, ana kuma ɗibar ƙasarta. Tun 2007 aka shigar da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su, amma wanda yake son ya ga irin ƙyamaren da aka rufe birnin da su a da, sai ya tafi Gidan Makama ya gan su a ajiye. Wanda kuma yake son ya ga yadda ganuwa take da cikakken tsayinta, sai ya tafi Jos, inda aka gina kwaikwayonta a gidan adana gine-ginen gargajiya. Ashe ba abin kunya ba ne Bakano ya hau mota zuwa Jos don ya ga kamannin garinsu?

Duk da haka ina ganin ya kamata a nemi izini, kuma zan faɗi irin izinin da nake nufi. Amma kafin nan bari in kawo hujjojin masu ƙin abin, domin suna da nauyi, kuma wanda ya raina su bai zauna a ɗakin ƙasa da bazara ba.

Hujja ta farko ita ce lafiya. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da a da mutum goma ke ciki, yau talatin ne. Ɗaki mai 'yar taga ɗaya, ga cunkoso, ga zafi, shi ne inda sanƙarau da tarin fuka ke samun wurin zama, kuma iyayenmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ba daidai ba ne a ce wa uwa ta bar 'ya'yanta cikin duhu don mai yawon buɗe ido ya sami abin ɗauka a hoto. Hujja ta biyu ita ce haɗari. Ginin ƙasa in an bar shi ba yaɓe, kisa yake yi. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Hujja ta uku ita ce zalunci. A Jenne ta ƙasar Mali, wadda ta shiga jerin UNESCO tun 1988, mazauna sun sha kukan cewa an ɗaure musu hannu ba sa iya gyara gidajensu yadda zamani ya zo, ba a kuma ba su abin da za su riƙe su da shi. Ta huɗu, wadda ta fi ba ni tsoro, ita ce duk sabuwar takardar izini a ƙasar nan kan zama sabuwar ƙofar cin hanci. Mai kuɗi ya rushe soro sukutum ba wanda ya tanka, talaka ya canja sakata a kai shi ƙara.

Waɗannan hujjoji ba su ce a bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Abin da suka nuna shi ne dokar da za a yi ta zama mai sauƙi, mai adalci, mai tafe da taimako. Ga yadda nake gani.

Na farko, a san abin da ake karewa. Ba kowane ginin ƙasa ne abin tarihi ba. A bi unguwa-unguwa a cikin birni, da gari-gari a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, a rubuta zauruka da soraye da masallatan da suka cancanta, a auna su, a ɗauki hotonsu, a ji tarihinsu daga bakin masu su. Wannan aiki ne da ɗaliban tarihi da na zanen gine-gine da na Hausa za su iya yi a hutu guda, in ƙungiyarmu ta tsaya a kai.

Na biyu, dokar ta tsaya a bakin zaure. Abin da ke kallon hanya, watau ƙyaure da taga da zanko da zanen bango, shi ne za a nemi izini a kansa. Abin da ke cikin gida kuwa, daga shigifa zuwa ɗakunan mata, wannan na mai gida ne, ya fasa taga yadda iyalinsa za su sha iska, ya yi makewayi na zamani, ba ruwan kowa. Al'adarmu ma da ma haka ta raba: zaure na jama'a ne, a nan ake karatu, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, cikin gida kuwa sirri ne.

Na uku, izinin ya zama kyauta, kuma a kusa. Kada a ce mutumin Doguwa sai ya zo Kano ya kwana uku yana bin ofisoshi. Mai unguwa ko dagaci, da magini wanda ya san aikin ƙasa, da ma'aikacin ƙaramar hukuma ɗaya, su uku sun isa su je su duba. A yanka musu kwana talatin. In suka wuce ba su ba da amsa ba, a ɗauka sun yarda. In kuma suka hana, su rubuta dalili, su kuma nuna wa mai gida abin da zai yi a maimakon wanda ya nema. Ta haka mai son a ba shi na goro ba zai sami abin riƙewa ba.

Na huɗu, hani ya zo da mafita. Baffana tsaro yake nema, ba ƙiyayya yake da katako ba. Ana iya ƙarfafa tsohon ƙyaure da ƙarfe ta ciki a sa masa kuba mai kyau, fuskarsa ta waje tana nan yadda take. Ana iya ƙara ƙananan tagogi biyu ko uku a sama, a sa musu waya saboda sauro, maimakon babba ɗaya da za ta karya bango. Wanda aka sa gidansa cikin jeri kuma a taimake shi da kuɗin yaɓe kafin damina, tun da an ce gidan nasa abin alfaharin kowa ne. In an yi haka magina za su sami aiki, 'ya'yansu su ga dalilin koyon sana'ar. Kada a manta, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Duniya ba ta raina ginin ƙasa ba, mu ne muka raina shi.

Na biyar, wanda shi ne uban duka, hukuma ta fara ɗaure kanta. Kafin a tambayi talaka takardar taga, a tambayi ma'aikatar ayyuka takardar ƙofar gari. Duk titin da zai ratsa ganuwa ko tsohuwar unguwa, a baje zanensa a fili, jama'a su gani su yi magana kafin katafila ta iso. Dokar da ba ta hau kan mai yin ta ba, ba wanda zai girmama ta.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wannan magana tamu ce fiye da kowa, ta fuska biyu. Ta farko, mu ne waɗanda in Allah Ya ba mu albashin farko za mu koma gida da niyyar mu fitar da iyayenmu kunya, mu kira mai walda da birkila. Ta biyu, mu ne waɗanda nan da 'yan shekaru fayil zai zo teburinmu, a ce mu sa hannu a rushe, ko mu sa hannu a hana. Ranar nan ba baffana za a tambaya ba, mu za a tambaya, domin mu ne aka kashe wa kuɗi muka yi karatu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba na kira a koma zaman duhu, ba na kuma kira a mai da iyayenmu kayan kallo. Kira nake a tsaya a yi tambaya kafin a ɗaga guduma, domin ƙofar ƙarfe ana samunta a kowace kasuwa ko yaushe, amma ƙyauren da aka ƙera shekara ɗari da suka wuce in ya tafi ya tafi ke nan.

A hutun da ya wuce baffana da kansa ya aika aka kira tsohon maginin, ya zo ya duba tsagar, ya ce za ta gyaru in an ɓamɓare simintin kafin ruwa ya sauka, a rage tagar, a sake yaɓe. Da muka raka shi, baffa ya ce da ni, "Ɗana, in ka koma birni ka cigita mini mutumin nan da ya sayi ƙyauren." Na cigita, ban same shi ba. Dutsen da ƙyauren ke juyawa a kai yana nan a bakin zaure, yara na wasa a kansa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana. Wassalam.